Matakalar Maƙwabciya

Asabar ta huɗu ke nan tana tarar da tsohon maƙwabcinta durƙushe, yana goge mata matakalar marmara maimakon tasa. Gidajen layin manne suke da juna, kamar an tsaga kara, kuma hukuma ta hana sauya ko fentin ƙofa. 'Yarsa har ta fara nema masa gidan tsofaffi, wai ya ruɗe.

"Bawan Allah, taka tana gaba," maƙwabciyar ta ce masa. "So kake su kwashe ka?"

Ya matse tsumma.

"Shekara arba'in ina layin nan, na san ƙofata sarai. Amma tawa ko na goge, wa zai fito mini da gahawa?"

Ta dubi hannunta. Kofi biyu ne, suna tururi.