Ƙuri'ar Masu Rabin Gona

Na yage hoton ɗan takarar daga ƙofar gidanmu, na tattake shi. A waje, motar da za ta kai wakilan ƙauyenmu zaɓen fid da gwani sai hon take yi. Baba yana saka takalmi.

"Baba, wannan azzalumin za ku tsayar takarar shugaban ƙasa? Shi fa ya zagaye rabin gonarmu da waya! Shi ya tare rafi ya juya ruwan zuwa gandunsa!"

"Na sani."

"Baƙin cikinsa ne ya kashe Kawu. Amma ku ne har da bin wakilai gida-gida kuna roƙa masa ƙuri'a. Me ya ba ku?"

Baba ya ɗago, idanunsa jajur.

"Kai, kama bakinka! Ko ruwan gidansa ba zan sha ba. Ka fi mu jin zafinsa ne? Kana kasuwa ranar da ya yi jawabi?"

"Allah ya kiyaye."

"To, da bakinsa ya rantse: in jam'iyya ta hana shi tikiti ya bar siyasa ke nan, zai dawo gida ya rungumi noma gadan-gadan."

"To sai me? Ya dawo mana!"

"Gandunsa gabas dutse ne, yamma titi. Gonar wa kake tsammani zai ƙara da ita?"

Baba ya nufi mota yana huci.

"Gara mu tura shi can ya ci ƙasar gaba ɗaya, ko ya manta da 'yar ragowar tamu."