Kyaftin da Karen Tsumma

"Yara, ku tambayi Kyaftin me ya sa babban yatsansa ke leƙowa ta safa!" in ji karen tsumma daga taga.

Yaran da ke kan benci suka kwashe da dariya. Orville Pruitt ya yi murmushin yaƙe a ƙarƙashin gemun auduga, ya ce a sako fim ɗin katun. Zuciyarsa kuwa tafasa take.

Ya daɗe yana fitowa a matsayin Kyaftin a ƙaramar tashar talabijin ta garinsu. Bara saura ƙiris a soke shirin, don yara sun fara hamma a gaban kyamara. Sai manaja ya kawo Biskit, wani karen tsumma mai baƙar magana, da ke leƙowa ta taga a jikin bango. Mai sa hannu a cikinsa yana yi masa murya, ta ƙofar baya yake shiga, manaja kuma ya ƙi faɗin sunansa. Shiri ya farfaɗo, mutuncin Kyaftin ya zube. Ko kanti ya shiga, haushi yara ke yi masa.

"Maxine, wai uban wa ya gaya wa karen nan ina minshari?" ya tambayi matarsa a gida.

"Kai ma dai, Orville, maƙwabta ba su da kunne ne?" Ta kurɓi shayinta mai zuma. Tun da ta fara zuwa ɗinkin coci da yamma, maƙogwaronta bai huta ba.

Da ya ce wa manaja ko shi ko karen, manaja ya nuna masa alamar karen zai zaɓa. Aikinsa ke nan zai tafi a kan tsumma! Ya ƙudura sai ya tona asirin ɗan iskan nan kowa ya gani.

Ran Juma'a shiri na tafiya kai tsaye, Biskit ya leƙo.

"Yara, jiya Kyaftin ya ga ɓera a kicin, ya haye tebur yana..."

Orville ya yi kukan kura, ya damƙi kunnuwan karen, ya fizge.

Hannu tsirara ya rage a tagar, ya ɗan yi jim, sannan ya ɗago masa yatsu cikin ladabi. A ɗayansu akwai zoben da shi da kansa ya sa wa Maxine ranar aurensu.