Wanzami da Allurar Sanƙo

Nazifi, matarka ta gaya mini ka sake ɗaga ranar zuwa wurin likitar gashin nan, wai aiki ya yi maka yawa a kemis. Kai da kake wuni kana tsira wa 'ya'yan mutane allura! Tun da na ji hankalina bai kwanta ba, domin ranar da ka cire hula za ka yi alwala a tsakar gidana na ga yadda gashin tsakiyar kanka ya zube. Ni ban yi karatu mai nisa ba, sunan maganin ma ya fi ƙarfin bakina. Amma bari in ba ka misali.

An yi wani wanzami a wani gari, gwani ne na gaske. Idan ya kafa wa mutum ƙaho, kafin ya ce wash an gama tsaga, jini ya taru, ya juye shi a rami ya rufe da ƙasa, yadda ya ga ubansa yana yi. Shi ne kuma mai haɗa wa mazan garin man sanƙo, alhali a ƙarƙashin hularsa nasa gashin zuba yake yi, kuma ya san ranar da aka gani babu mai ƙara yarda da mansa. Akwai wani tela da ke aski a wurinsa, shi ma kansa ya fara haske. Telan ya je birni wurin wata likita, ya dawo da labari. Jininsa ta ɗiba a hannu, ɗan kaɗan a kwalba, ta sa a wata na'ura mai juyi, kamar yadda ake kaɗa nono har mai ya rabu. Jan ya kwanta a ƙasa, wani ruwa mai launin ɗorawa ya taso sama. Shi ta zuƙa, ta bi fatar kansa da siririyar allura tana ajiyewa nan da can, kamar mai shuka. Ba ta gauraya da na kowa ba, abinsa ta mayar masa. Ta kuma gaya masa gaskiya: sai ya jure dawowa, ba kowane kai ne ke karɓa ba, kuma tushen da ya galabaita take iya tayarwa, wanda ya mutu ya mutu. Tela ya yi ta komawa. Ran nan wanzami ya kama kan telan zai yi masa aski, sai ya ji laushi a ƙarƙashin yatsunsa inda da can santsi ne, ƙananan gashi sun fito kamar tsiron gero bayan ruwan shuka.

Tela ya ce, "Sarkin aska, ka je tun da wuri. Hular nan taka ko kana gumi ba ka cire ta, mun gane."

Wanzami ya ce, "Sau nawa ta soke ka?"

"Ni da allura muke wuni, ina na ƙirga?"

Allurar ce ta tsorata wanzami, amma a baki sai ya ce ai jini gadonsa ne, ba yarinyar birni ce za ta koya masa ba. Ya ƙudurta shi zai yi wa kansa irin aikin likitar, to, tsaga jikinsa ma ba zai iya ba. Sai ya jira wani mai dako, mai suma kamar daji, ya zo ƙaho. Jinin da ya kamata ya binne ya ɓoye a ƙoƙo, ya bari ruwa ya taso sama, ya shafe kansa da shi ya kifa hula. Kafin la'asar ƙarni ya tashi, ƙudaje suka raka shi har gida. Ƙuraje suka feso, ya ɓata damina guda yana jinyarsu, gashi kuwa bai tsaya jiransa ba.

Da ƙyar tela ya ja shi birni. Likitar nan, Allah ya yi mata albarka, ta ji duk abin da ya aikata ba ta yi masa dariya ba. Ta haska kan, ta duba a tsanake, ta ce, "Baba, gefen nan yana da sauran rai, zan yi ƙoƙari. Tsakiyar kuwa ta tafi, ba zan soka maka allura inda ba ta da amfani ba." Da ta zo ɗibar jinin, mutumin da ya tsaga bayan rabin gari ya juya fuska bango, ya damƙe hannun tela yana salati da ƙarfi. Ita kuwa tana ta jan sa da hira a kan yadda ake wasa aska, har ta gama bai sani ba. Gefen kansa ya farfaɗo, tsakiya ta zauna kamar bayan ƙwarya. Daga nan ya daina haɗa man sanƙo, duk wanda ya zo nema sai ya kwatanta masa hanyar asibitin.

Ni dai abin yana cika ni da mamaki, Nazifi. A ce Allah ya ajiye wa mutum maganinsa a jikinsa, ya kuma ba wata baiwarsa basirar fito da shi. Ka je a duba ka tun kanka yana da abin da za a tayar. In tsoro ne, faɗa mini a kunne in yafa mayafi in raka ka, ko matarka ba za ta ji ba. Ba a kanka aka fara ba, tun kafin a haife ka Hausawa suka ce wanzami ba ya son jarfa.