Fuskar Gaik Lean a Ƙofar Kanti

Ranar Talata, sha bakwai ga Satumba, da ƙarfe takwas da minti hamsin na safe, Khoo Teik Seng ya zauna a shagon kofi da ke fuskantar kantin nan marar mai tsaro, ya buɗe littafinsa, ya ja layi da rula. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana sifeton ma'auni a kasuwannin Penang, bai taɓa yarda da adadin da bai ƙirga da kansa ba.

A jikin ƙofar kantin an kafe hoton matarsa, Gaik Lean, a ƙarƙashi an rubuta cewa ta ɗauki kaya ba ta biya ba. A ranar take cika kwana arba'in da tara da rasuwa.

Ƙofar kantin fuska take dubawa ta buɗe, kuɗin kuma a cire daga katin mai fuskar. Ita ta yi rajista. Shi ya ƙi, ya ce fuskarsa ba hatimin ofis ba ce da za a ajiye a aljihun tebur. Bayan jana'iza ya rufe katinta, kamar yadda doka ta tanada. Sai ga wasiƙar kamfani: sau shida ta shigo bayan mutuwarta, kowace Talata tsakanin ƙarfe tara da goma, ta ɗauki gwangwanin madara biyu da ganyen shayi. Sun haɗo da hotuna shida, waɗanda na'urar ta yanko daga goshi zuwa haɓa. Ita ce, har da 'yar karkatar leɓenta ta hagu.

Ya kai musu takardar shaidar mutuwa. Suka ce na'ura ba ta kuskure.

"Sifeto, yunwa take ji," in ji Ah Poh mai shagon, yana ajiye masa kofi. "Kuɗin takardar da ka ƙona mata don ta kashe a lahira ko kuɗin mota ba su kai ba. Ga shi ta fito cefane da kanta."

"Ajiye ka ba ni wuri."

"Ni dai na faɗa. Haihuwar shekarar Damisa ce fa a lissafinmu na Sinawa, matan wannan shekara ƙasa ma ba ta riƙe su. Ba banza ba iyayenmu suke kyautar da irinsu tun suna cikin zanen goyo."

Teik Seng ya jawo littafinsa kusa. Da yamma za a yi wa matarsa addu'ar ƙarshe a haikali, wadda daga ita rai ke tsallakawa lahira ba ya waiwaye. Ya yi rantsuwa ba za ta tsallaka da sunan ɓarauniya ba.

Ya raba shafin gida-gida yadda aka koya masa a tsohon ofis: Sinawa, Malay, Indiyawa, maza, mata. Duk wanda ya shiga sai ya ja masa sanda ɗaya a gidansa. Amma idonsa na kan tsofaffin mata Sinawa, domin a cikinsu yake sa ran ganin mai sojan gona.

Ƙarfe tara da kwata, mutum goma sha huɗu. Iska ta kaɗa gefen hoton da ke ƙofa, bakin hoton ya motsa kamar zai yi magana. Ya kau da kai.

Talata ranar Gaik Lean ce. Shekara da shekaru takan tashi da asuba ta dafa kifi da shinkafa a wata 'yar tukunya da ba ta yarda naman alade ya taɓa ta ba, ta ƙulle a kwano ta fita, ta ce sadakar haikali ce. Bai taɓa bin ta ba. Bai ga dalili ba.

Ƙarfe tara da minti talatin da ɗaya, wata tsohuwa 'yar Malay ta iso da sanda, da ɗankwali ruwan toka ya rufe kai da wuya, da takunkumi a hanci. Ya ja mata sanda a gidan matan Malay, ya mai da ido titi.

Sai ƙofar ta yi ja, muryar na'ura ta cika layin: "Ooi Gaik Lean, an hana ki shiga."

Kofin ya kife. Bai san lokacin da ya ƙetare titin ba. Tsohuwar na tsaye, takunkumin a ƙarƙashin haɓarta, tana ta kai fuskarta kusa da gilashin. Sai ta juyo. Fuskar da ya rufe da hannunsa a cikin akwati ce take dubansa, leɓen a karkace.

"Kai ne Sifeto," ta ce a hankali. "Gaik Lean ta nuna mini hotonka. Sunana Salbiah. Wallahi ban saci komai ba. Ita ta ce in riƙa shigowa in ɗauki madarata, ƙofar ba ta bambanta mu, za ta biya." Ta leƙa bayansa. "Ina take? Mako bakwai ina jira a bencin da muke haɗuwa, ba ita ba kwanon. Ta hana ni zuwa gidanku, ta ce kai mutum ne mai tsari, ba ka son abin da ba a rubuta ba. Ko fushi take da ni? Ai ba laifina ba ne da ni aka zaɓa aka ba Malay riƙo tun muna jarirai."

Teik Seng ya buɗe littafinsa. Ya juya zuwa shafin da ya shirya wa limamin haikali jerin dangi, inda ya rubuta da kyakkyawan hannunsa: 'Yan'uwan mamaciya da ke raye, babu. Ya ɗora rula, ya soke kalmar ƙarshe da layi ɗaya miƙaƙƙe, ya rubuta a samanta: Ɗaya, abokiyar tagwaicinta.