Maganin Raguna

Ina da shekara bakwai aka kwantar da ni a wani asibiti a Dutse, nimoniya ta kama ni, ƙirjina na kuka kamar ɗan kyanwa. Bayan la'asar wata nas ta kawo 'yan ƙananan ƙwayoyi farare, ta ce likita ya ƙara mini su a kan allurai.

Babana, wanda kiwon raguna ne sana'arsa a Kiyawa, ya karɓi fakitin ya jujjuya shi. Bai iya boko ba, amma ya gane shi. Irinsa yake saya a kasuwa yana zuba wa raguna a dusa don su yi ƙiba kafin Babbar Sallah.

Ya dunƙule hannu a kai. "Malama, 'yata ba tunkiya ba ce."

Nas ɗin ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, kai ƙiba kake nema da shi. Mu kumburin hanyar numfashinta muke so ya sauka. Kwanaki kaɗan ne, da awo, kuma ba kowane yaro ake ba shi ba."

Ya daɗe yana kallon yadda haƙarƙarina ke lotsawa. Sannan ya murtsuke ƙwayar a cokali, ya ɗiga ruwa, ya yi bisimilla. Ya kai mini baki, cokalin na ta karo da haƙorana.

Yau shekara shida da rasuwarsa. Na manta ɗacin maganin, amma har yanzu ina jin ƙarar cokalin nan.