Gwiwar Kaka

A saman matakala gwiwar ta sake yin ƙara, ƙas, kamar busasshen kara. Kaka ta dafa bango, jikanta yana goye a bayanta.

Likita ya riga ya gargaɗe ta: "Ƙoƙon gwiwarki ya goce daga gurbinsa, yana gogar ƙashi. Saukowa da nauyi ne ke cin sa. Wata rana ƙafar za ta sake ki."

Ba ta gaya wa 'yarta ba. Ta san ranar da maganar ta fito za a kai yaron gidan reno, a bar ta ita kaɗai kamar mayya.

Da yamma 'yar ta dawo daga aiki.

"Inna, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Wannan maigidan nawa ne ba ya barina in huta."

Sai yaron, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, ya nufi matakala. Ya dafa bango, ya kama 'yar gwiwarsa, ya sauke ƙafa ɗaya a karkace.

"Wash!" ya ce.

Uwar ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu a hankali, ta zare majanyin daga cinyar Kaka.