Jirgin Dantong a Kan Dutse

Fibi ce ta fara gaya mini, wadda ke sayar da kabeji kusa da ni a Farin Gada. Ta ce Klaudiya matar Dantong ta zare. Miji na kwance rai a hannun Allah, ita kuwa tana tsakar gida tana wanke tsohon jirgin ruwa.

Na san jirgin. Shekara ashirin Dantong ya yi yana yawo da masu zuwa shaƙatawa a cikinsa, a wani tafki da masu haƙar kuza suka bari. Da injin ya mutu, mai wurin ya cire ya sayar, ya bar wa Dantong gangar jikin. Na fayiba ne, irin abin da ake yin tankin ruwa da shi. Maza takwas suka hau da shi dutsen Tudun Wada har gidansa, daga nan ya zama ɗakin kaji. A bayansa akwai rami biyu inda bututun hayaƙin injin ke fitowa a da, kowanne hannu zai shige.

Dantong ba shi da mugunta, amma komai nasa sai baɗi. Ko a coci bencin ƙarshe yake zama, da an fito da gurasar Jibin Ubangiji, wadda masu baftisma ke ci, sai ya sulale waje wai zai sha iska. Yanzu ciwon huhu ya cinye shi. Ranar Talata aka sallamo shi daga asibiti, likita ya ja Klaudiya gefe ya ce ta kira 'ya'ya. Ko fuska ba a wanke masa sai da ruwan ɗumi, in ba haka ba tari ya ɗauke masa numfashi.

A ranar ya roƙe ta abu ɗaya kafin ya tafi. Ya sa ta yi alkawari ba za ta faɗa wa kowa ba sai ta tabbata zai yiwu. Ta fito ta kori kajin.

Ta fara da abin da ta sani. Ta fere katako ta cusa a ramukan, ta shafe da abin nan da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa. Ya bushe, ya yi kyau a ido. Ta danna da tafin hannu, ya faɗo gaba ɗaya kamar murfin kwalba. Laraba ta tafi a banza.

Alhamis ta shiga keke zuwa Kabong ta ɗauko Hezekiya mai facin tankuna. Ya duba ya ce ba cushe ake yi ba. Sai an goge bakin ramin ya buɗe kamar faranti, a shimfiɗa zaren fayiba falle-falle, kowane falle a jiƙa shi da gam. Ya tsuguna ta waje zai fara. Ta ce ta ciki take so ya fi kauri, kuma ya yi sumul yadda ba zai karci fata ba.

"Madam, ruwa daga waje yake turowa. Aikina ne fa."

"Na ji, oga. Yi ta ciki."

Ya girgiza kai, ya yi duka biyun. Ya tambayi sandunan tuƙi, ta ce tuni ta dafa wake da su. Ya tambaye ta wa zai sauko da jirgin daga dutsen nan, ta ce ya kama mata su sa bulo a ƙarƙashi don ya daina rawa.

To, watan Agusta ne, kun san Jos. Ruwa bai ɗauke ba, rana ba ta leƙo ba. Gam ya ƙi bushewa saboda sanyi. Juma'a da safe ta taɓa, ya biyo yatsanta kamar zuma. A ɗaki kuma Dantong ya daina karɓar kunu. Hezekiya ya ga idonta, ya yi gaggawa, ya zuba maganin daskarewa fiye da kima. Wannan ya yi zafi, ya yi hayaƙi, ya tsage. Sai kankarewa, sai sake sabo.

Ta rufe jirgin da tamfol. Ta cika dutsen guga da garwashi, ta riƙe shi kusa da facin ba tare da ya taɓa ba, hannu ya gaji ta sauya ɗaya. Hezekiya ya ce tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye komai. Ta ce ta ji. Bini-bini ta ajiye, ta ruga ɗaki, ta ɗora hannu a ƙirjin mijin, ta dawo.

Matan zumuntar coci suka zo suka tsaya a bakin ƙofa. Fibi ta ce kai mutumin nan kan tafki cikin wannan sanyi, ai gara ta jefa shi ciki da hannunta. Dina, babbar 'yarsu, ta yi kuka ta ce za ta kira 'yan'uwan babanta. Klaudiya ta ƙara garwashi a dutsen guga.

Asabar da yamma Hezekiya ya ƙwanƙwasa facin da bayan sukudireba, ya yi ƙara kamar tangaran. Ya ce ya kama, amma shi ba zai rantse ba sai an gwada da ruwa.

Kafin duhu sai ga ta a ƙofata, hannuwa fari fat da ƙurar fayiba. Na buɗe baki zan wanke ta tas, ta riga ni.

"Mama, Dantong ya ce yanzu in faɗa. Itace nake nema, da manyan tukwane."

Da ta gama magana na haɗiye faɗana.

Washegari, Lahadi, na hura wuta na ɗora tukunyar da nake girkin biki. Na ɗauki bokitin ruwan zafi a ka, da gwiwoyin nan nawa na hau dutsen, na bi layin mata muna juyewa a cikin jirgin. Ko ɗigo bai fita ba. Fasto ya naɗe wando ya shiga, ya gwada ɗumin da gwiwar hannu kamar za a yi wa jariri wanka, sannan aka fito da Dantong a kan bargo, don a yi masa baftismar da ya shekara arba'in yana cewa sai baɗi.